Mangwaron Kawu Na Cikin Duro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a gidan Samaru, bayan 'yar gajeruwar jinya. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, har na koyi ɗinki na buɗe shagona. Aka yi masa sutura bayan azahar, muka kai shi, muka dawo.

Zaman makokin maza a harabar gida aka yi shi, ƙarƙashin mangwaro, don nan ne inuwa. Duk wanda ya shigo, da fuskar jimami yake shigowa. Ya yi sallama, ya ce Allah ya jiƙan rai, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Sai idonsa ya faɗa kan gindin mangwaron, inda tsohon rabin duro ya zagaye itacen kamar an ɗaura masa bel, ya yi tsatsa, ya tsage ta gefe ɗaya. Daga nan sai ka ga mutum ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. Liman da kansa sai da tari ya kama shi a tsakiyar addu'a.

Wasu dattawa biyu suka zo daga Sabon Gari, tsofaffin masu tura amalanke. Bayan sun yi gaisuwa, ɗayan ya daɗe yana kallon itacen, sannan ya ce, "Wallahi mun ɗauki wannan mangwaron fiye da yadda muka ɗauki 'ya'yanmu. Ciwon bayan da nake fama da shi, ga mai shi nan a tsaye."

Ranar sadakar uku Mai Katako ya iso. Tsoho ne ɗan kudu, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da katako a Sabon Gari, kuma a hannunsa Kawu ya sayi gidan. Tun daga garinsu ya taso, ɗansa na riƙe da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire malfarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce da Hausarsa tar, "Ɗan hayata ya tashi bai ba ni notis ba."

Dariyar da mutane suke ta dannewa tun ranar Talata ta kuɓuce. Shi kuwa ya zauna a kan benci ya rufe fuska da malfa, kafaɗunsa na rawa. Da aka lura kuka yake yi, sai wurin ya yi tsit.

Ni ba marubuci ba ne, kuma ba na son in faɗi abin da ban gani ba. Amma jikokin Kawu suna tasowa, wata rana wani zai ga wannan ruɓaɓɓen duro ya kira 'yan gwangwan su yanke shi. Gara su san labarinsa tukuna.

Kawu ma'aikacin gonar gwaji ne a Samaru. Aikinsa aurar da itatuwa, wato ya yanko reshen itace mai kyawun 'ya'ya ya ɗaure shi a jikin wani mai ƙarfin saiwa, su zama ɗaya. Amma a Sabon Gari muke zaune, a gidajen haya, saboda can Inna, matarsa, take sana'ar ƙosai da kunu, kuma can haya ta fi sauƙi a lokacin. Kullum da safe ya ɗaure ƙafar wando ya hau keke.

A gidan haya na farko, kafin a kawo ni, ya shuka gwaiba a tsakar gida. Ya yi mata aure, ya yi ta ban ruwa. Shekarar da ta fara 'ya'ya mai gida ya ba su notis, wai ƙanensa zai yi aure. Bayan sun tashi, Kawu ya bi ta layin wata rana ya ga 'ya'yan mai gidan a kan katanga, kowa da gwaiba a baki. Ɗayan har ya miƙo masa, ya ce, "Baba, ɗanɗana, tamu ce." Inna ta ce ranar bai ci tuwo ba.

Tun daga nan ya kafa dokarsa: "Ni ba na yi wa mai gida aikin banza." Ba ya buga ƙusa a bangon haya. Agogon bangonmu a kan akwati yake zaune, an jingina shi, in kana son sanin lokaci sai ka durƙusa. Kalanda kuwa a igiyar shanya take rataye tare da tawul. Baƙi suna zaton talauci ne. Ba talauci ba ne, ƙusa ma akwai ta cike da gwangwani, yana ajiye da ita har ranar da zai samu bangonsa.

Da ya samu wani reshen mangwaro da ya ce bai taɓa ɗanɗana irinsa ba, sai ya raba duro biyu, ya huda gindinsa, ya cika rabin da ƙasa, ya dasa a ciki. Sannan ya ɗora duron a kan bulo uku, don kada ko saiwa ɗaya ta taɓa ƙasar mai gida. Itacen ya tsaya gajere, bai fi tsayin mutum ba, yana ba da 'ya'ya kaɗan a shekara. Kawu ya san kowane ɗaya da ido.

Mun yi tashi da yawa. Wani mai gidan ya ƙara haya, wani ya sayar, wani ya mutu magada suka raba. Mun zauna a bayan kasuwa, mun zauna wajen Hanwa, mun sake dawowa. A kowane tashi tsarin ɗaya ne. Duro ne ke fara hawa amalanke, Kawu na tafiya a gefe yana riƙe da reshe yana yi wa masu turawa faɗa.

"A hankali, a hankali! Ba buhun gawayi kuka ɗauko ba."

"Malam, in ka fi mu iyawa, zo ka kama."

"Ni na haife shi, ku kuwa biyan ku na yi."

Inna tana biye a baya da tukwane a ka. Takan ce, "Ni dai a gidan nan ban taɓa shiga sabon ɗaki kafin duro ba." Tana da wata babbar adaka da kwanukan jerenta suke ciki tun na aure. Ta daina fito da su, don ta gaji da jerawa da kwashewa. A kan adakar nake kwana ina yaro.

Inna ba mai yawan ƙorafi ba ce. Amma da shekaru suka ja, gwiwoyinta suka fara ciwo, na ji ta faɗa masa magana ɗaya da ban manta ba. Ta ce, "Malam, ni ba gidan bene nake nema ba. Ina so in zauna inda ranar da na mutu, matar da za ta yi mini wanka ta san ni." Kawu ya tashi ya je ya duba ganyen mangwaro.

Da ya yi ritaya aka biya shi kuɗin sallama, sai ya shiga neman gida. Dillalan Samaru har yau suna ba da labarinsa. Kawu ba ya duba gida sai da damina, kuma sai ana tsakiyar ruwa. Hadari na haɗowa zai ɗauki lema ya nufi rumfar dillalai. Suna hango shi sai su fara zamewa ɗaya-ɗaya. Wanda ya kama, sai ya ja shi cikin ruwa har gidan, ya shiga kowane ɗaki ya tsaya ya ɗaga kai yana sauraro.

"Malam, wallahi rufin nan sabo ne."

"Yi shiru, ba kai nake tambaya ba."

In ya ji ɗis, ya nuna da yatsa, ya juya ya fita. Wani dillali ya ce da shi, "Malam, kai gida kake nema ko jirgin ruwa?"

A ƙarshe gidan Mai Katako ne ya tsallake. Sun san juna tun a Sabon Gari, sun taɓa zama layi ɗaya, Inna na aika musu da naman layya, matarsa na aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Ya gina gidan ne don ya ba ɗalibai haya, ɗalibai kuma suka ishe shi da kiɗa da fasa famfo. Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Kawu ya biya kuɗin gida lakadan. Ya ba dillali la'adarsa yana kallon wani gefe. Ya ɗauka an gama.

Sai lauyan da ya rubuta takardar ciniki ya ce da saura. Takardar mallakar filin sunan Mai Katako take ɗauke da shi. Kafin ta koma sunan mai saye, sai an biya harajin hatimi, an biya kuɗin rajista, an nemi amincewar gwamnati, ita ma da kuɗinta. Bayan haka akwai kuɗin ƙasa da za a riƙa biya duk shekara.

Kawu ya ce, "Sake faɗa, kunnena na dama ba ya ji sosai."

Lauya ya sake faɗa.

"To, na hagun ma bai gane ba."

Ni na raka shi ofishin filaye. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "'Yata, in tambaye ki. Da ake ginin gidan nan, gwamnati ta ɗebo yashi?"

"A'a, Baba."

"Ta kwaɓa siminti? Ta miƙa wa magini bulo?"

"Baba, ba ni na sa dokar ba. Kariya ce gare ku. In sunanku na kan takarda, babu mai tayar da ku."

"Na sayi abu da gumina, kuma in sake biya don a yarda na saya? In na sayi akuya a kasuwa, sai in je in biya wani ya gaya wa akuyar?"

"Akuya tana bin mai ita gida, Baba. Fili ba ya bin kowa."

Ya dube ta, ya ce Allah ya yi mata albarka, iyayenta sun yi tarbiyya, amma ko sisi ba zai biya ba. Muka fito.

Ranar tarewa aka ɗauko duro a bayan a-kori-kura, Kawu na zaune kusa da shi, Inna a gaba, karo na farko a rayuwarta. Da aka iso, kafin a sauke duron, mata sun riga sun cika gida, za a dafa abincin 'yan taya murna. Inna ta sa aka ɗauki bulo ukun nan ta haɗa murhu ta ɗora babbar tukunya. Kawu ya zo yana neman su.

"Ina bulona?"

"Aro na yi. In wuta ta mutu zan mayar."

Direba na sauri, masu saukewa sun gaji, sai aka dire duron a ƙasa, a harabar gida, wai na ɗan lokaci.

Kowa ya zaci washegari zai fasa duron ya dasa itacen, tunda ga gidansa. Ya ƙi. Ya ce tunda gwamnati ta ce ƙasar ba tasa ba ce sai ya biya, to ba zai shuka wa Mai Katako mangwaro ba. Kuma ba zai biya ba. Ƙusa ma bai buga ba, agogo ya koma kan akwati. Inna ta dubi adakarta, ta tura ta lungu ba ta buɗe ba. Ta ce, "To, mun zama 'yan hayar da ba sa biyan haya."

Haka aka zauna shekaru. Mai Katako ya samu abin wasa. Duk sanda ya shigo Samaru sai ya biyo, tun daga ƙofa yana buga sanda.

"Ina ɗan hayata? Wata ya ƙare!"

"Shigo, mai gida na takarda. Ka zo da guduma ka gyara ƙofar bayi, ai gidanka ne."

"Malam, mu je mu gama abin nan mana."

"Sha kunu."

Lokaci-lokaci Kawu yakan tsaya a tsakar gida ya ce, "Wai har yanzu wutar nan ba ta mutu ba? Ina bulona?" Inna ta ce tana sane. Daga nan babu mai sake tayar da zancen.

Mangwaro kuwa sai ya fara abin mamaki. Itacen da ya yi shekaru bai wuce kan mutum ba, ya miƙe, ya wuce katanga, ya yi rassa, ya fara zubar da 'ya'ya har maƙwabta na samu. Kawu ya ce sirrin taki ne. Yana da wani haɗi da yake yi da kashin shanun da yake samowa daga Shika, da toka, da wani abu da ya ce ba zai faɗa ba. Tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa zuwa kallo. Ya tsaya a gabansu, hannu a baya, yana bayani kamar malamin jami'a. Wani ya ce, "Anya, Malam, itace kamar wannan a cikin rabin duro?" Kawu ya ce, "Da kuna saurarona lokacin da muke aiki, da yanzu ba ku yi wannan tambayar ba."

A nan zan faɗi wani hali nasa. Duk tsumulmularsa a kan haraji, bai taɓa sayar da mangwaro ko ɗaya ba. Ɗalibai masu haya a layin, in wata ya yi nisa, sun san inda za su zo. Yakan ce, "Ku tsinka, amma kada ku jefa dutse. Wanda ya jefa dutse, zan rubuta wa ubansa." Bai san uban kowa ba. Wata yarinya da aka kora daga ɗakinta ana saura kaɗan ta yi jarrabawa, a ɗakin Inna ta ƙarasa zangon. Kawu ya je ya sami mai gidan nata, ya yi masa faɗan da ya tara tun zamanin gwaiba.

Sai ciwon hawan jini ya kama Mai Katako. Ya tashi, amma hannunsa na dama ya fara rawa, 'ya'yansa suka yanke shawarar mayar da shi garinsu. Ya zo gidan, wannan karon bai buga sanda ba. Ya zauna a ƙarƙashin mangwaro ya miƙa hannun a gaban Kawu.

"Malam, dubi. Yau ina iya riƙe biro, gobe ban sani ba. In na mutu da sunana a takardar nan, gidan ya shiga cikin kayan gadona. 'Ya'yana sun san ka, ba za su cuce ka ba. Amma 'ya'yansu ba su san ka ba, kuma ba su san Mama, matarka, ba. Kada ka bar matar nan a hannun mutanen da ba su taɓa shan kununta ba."

Kawu ya ce akwai shaidu, akwai mai unguwa, akwai Allah. Mai Katako ya ce shaidun biyu sun riga sun mutu. Kawu ya ce sha kunu.

Wannan ce rigima ɗaya da na taɓa gani tsakanin Kawu da Inna. Ba ta ɗaga murya ba. Washegari da safe ta sa aka jawo mata adaka tsakar gida, ta ɗaure tukwanenta a zani, ta yafa mayafi ta hau kan adakar ta zauna. Ba ta hura wuta ba.

"Wannan kuma fa?"

"Tunda gidan mutane ne, na shirya. Ina jiran notis. Ba na so ya same ni da tuwo a wuta."

Kawu ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake shiga. Ya sha shayi a bakin titi. Da la'asar tana nan. Washegari ma ta koma ta zauna. Sai ya aiko a kira ni daga shago. Na same shi fuska a murtuke. Ya ce tunda abin ya zama haka, ya fasa gidan. Zai mayar wa Mai Katako abinsa ya karɓi kuɗinsa, mu koma haya a Sabon Gari, inda babu mai tambayar mutum hatimi. Ya ce in je in nemo tsofaffin masu amalankensa, su kaɗai suka san yadda ake ɗaga duron, in kuma samo a-kori-kura. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in ba zan je ba ya hau keke da kansa.

Abin da ya ba ni mamaki, sai ya bi gida-gida yana sallama da maƙwabta. Ya gaya wa liman, ya gaya wa mai unguwa, ya aika wa Mai Katako. Da gari ya waye harabar gida ta cika, kamar ranar suna, har da Mai Katako. Inna na kan adakarta, ba ta kalli kowa ba, amma na ga tana murza bakin mayafi. Na san Kawu, in ya furta abu a gaban mutane ba ya janyewa.

Ya ce, "Duro ne farko, kamar kullum."

Masu amalanke suka dubi itacen, suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Malam, wannan fa ya girma."

"Taki ne. A sare rassan in ya hau mota. Ku kama."

Suka kama, da su da wasu samari. Bismillahi, suka yunƙura. Ko motsi. Suka tofa yawu a hannu, suka sake. Bakin duron ya lanƙwashe, wani ya faɗi zaune, itacen ko ganye bai kaɗa ba. Babban nasu ya karɓi fartanya ya tone ƙasar da ta taru a gindin duron. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya ce, "Malam, zo ka ga takinka."

Gindin duron ya daɗe da ruɓewa. Saiwa mai kaurin cinyar mutum ta fasa ta nutse cikin ƙasa, wasu sun bazu ta ko'ina, ɗaya ta nufi ƙarƙashin ɗakin Inna.

Kawu ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo, ya shafa saiwar da tafin hannu. Sannan ya ɗaga kai ya dubi itacen ya ce, "Kai, wa ya ba ka izini?"

Babu wanda ya yi dariya, kowa na jira. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya juyo wajen jama'a.

"To, kun dai gani da idonku. Liman, ka gani. Ni ban shuka ba, shi ya shuka kansa. Kuma wallahi ba zan tashi in bar wa Mai Katako mangwarona ba. An yi mini haka a gwaiba, ba za a sake ba." Ya juya wajen Mai Katako. "Kai kuma, gobe ka zo da hannun naka tun bai ƙarasa lalacewa ba."

Ya sallami masu amalanke da mai mota cikakken biya, har da na shan ruwa. Inna ta sauko daga kan adaka, ta je ta hura wuta.

Aikin takarda ya ɗauki watanni, kuma kuɗin ya ƙaru a kan na da. Kawu ya sayar da kekensa da wata 'yar gonar gado da yake da ita a ƙauye, babban ɗansa da ke aiki a Kaduna ya cika. Kowane biya sai ya yi wa'azi a bakin taga. Ma'aikatan suka saba, suna ganinsa sai su jawo masa kujera. Ranar da aka zo cike sunan sabon mai gida, ina wurin, da babban ɗansa, da Mai Katako. Aka tambayi Kawu cikakken sunansa.

Ya ce, "Ba nawa za a sa ba. Na mai adaka za a sa."

Muka dube shi. Ya ce, "Me kuke kallo? In aka sa nawa, na mutu, sai a sake canjin suna, a sake zuwa nan a zauna a wannan kujerar. Ni ba na biyan abu sau biyu. Ita ce mai sauran kwana, kullum tana cewa gwiwa, gwiwa, amma ita za ta binne mu duka."

Bai tsaya nan ba. Ya tara 'ya'yansa maza da mata, ya kira liman da mai unguwa, ya furta a gabansu cewa ya ba Inna gidan kyauta, da ransa da lafiyarsa, ba ya cikin gado. Ya danƙa mata makullai a hannu. 'Ya'yan suka ce sun ji sun yarda. Mai Katako ya sa hannu a nasa ɓangaren, biro na rawa, ya ce, "Ashe ɗan haya dai ɗan haya ne. Mai gida kawai ya canza."

A makon nan Inna ta buɗe adaka. Maƙwabta suka taya ta jere, kwanukan da suka girme ni suka fito suna ƙyalli. Kawu ya ɗauko gwangwanin ƙusarsa da guduma, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, mai gida. Ana neman izinin ƙusa ɗaya."

"Ɗaya tak. Kuma kada a fasa mini bango."

Ranar aka rataye agogo. Mun daɗe in muna son duba lokaci sai mu fara kallon kan akwati. Haya kuwa Inna ta yanka masa: mangwaron farko na kowace shekara nata ne. Bai taɓa latti ba. Da hannunsa yake tsinkowa, ya wanke, ya kai mata a faranti, ya ce a rubuta ya biya.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka ragu. Babban ɗansa ya shiga wajen Inna, ina zaune. Ya ce in ta fita takaba yana so ta koma wurinsa Kaduna, ga asibiti kusa, ga jikoki, gidan nan a zuba 'yan haya. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Inna ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Je ka kira masu amalanke. In sun ɗaga duro, sai su dawo su ɗaga ni." Ya yi murmushi, ya share ido, bai sake tayar da maganar ba.

Da ya fita na tambaye ta abin da ya daɗe a raina. Na ce, "Inna, bulon nan da kika ara ranar tarewa, da gangan kika yi?"

Ta ce, "Murhu nake so." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ban yi saurin mayarwa ba."

Na ce ikon Allah, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin itatuwa, a ce saiwa ta yi shekaru tana shiga ƙasa a gabansa bai sani ba.

Ta dube ni kamar yadda take dubana ina yaro in na faɗi shirme. Ta ce, "Wa ya ce maka bai sani ba? Tun damina ta biyu ya daina zuba ruwa a cikin duron. A gefe yake zubawa, a ƙasa. Kullum da safe ina kallonsa ta taga. Kawunka ba zai iya cewa gwamnati ta kayar da shi ba, ba zai iya cewa ni na kayar da shi ba. Shi ya sa ya tara mutane, don a shaida itace ne."

Ta gyara mayafinta, ta ce mangwaro ya fara nuna, in je in tsinko na farko in kai wa Mai Katako kafin ya koma. Ta ce bana ta yafe hayar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya yi tashi da yawa a duniya. Allah ya saukar da shi a gidan da ba a ba da notis, ya ba Inna haƙuri da tsawon zama a ɗakinta. Amin.